Kujerar Gaba Taki Ce, Yuderka

Zuwa ga Yuderka, sarauniyata, iskar tekun Samana na ƙasarmu da ke kaɗawa kafin rana ta ɗaga, ruwan farko a kan rufin kwano, inuwar kwakwa ga wanda ya sha tafiya, baƙata mai sheƙi, wadda dariyarta kan narkar da ƙanƙarar Janairu a bakin titi!

Kin ga ban kira ki mangwaron Bani ba, na garin nan da mangwaronsa ya fi na ko'ina zaƙi a ƙasarmu. Wannan sunan na ƙona shi da bakina, na sani, kuma zan zo kansa. Ki dai daure ki karanta, ko a tsaye ne, ko da mataji a ɗaya hannun.

A kan sitiyari nake rubuta miki, yau Talata da hantsi, na ja mota gefe ina jiran motar shara ta wuce. Kin toshe lambata. Yayarki Sobeida, wadda ta shekara uku tana shan abarbar teburina kyauta, ita ma ta toshe ni. Ba abin da ya rage mini sai biro da takarda, irin na kakanninmu. Doña Casilda, uwar ɗakinki a shagon gyaran gashi, ta yarda ta miƙa miki. Sai da ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi, sannan ta ce, "Rubuto ka kawo, mai bakin zuma. Ba don kai ba, so nake in ga fuskarta in tana karantawa." Ita ce kuma ta sakar mini dutse a ka: wai ranar Asabar ɗin nan za ki bi Sobeida can garin Allentown, har an ajiye miki kujera da madubi a shagonta.

Asabar, Yuderka? Kwana huɗu? Ki naɗe shekara ukunmu ki cusa a akwati biyu, ki bar ni a unguwar Bronx daga ni sai mota sai waya? Me zan yi da garin nan in ba kya ciki? Gadojinsa da titunansa na haddace su kaf don in ci jarrabawar tuƙin haya, ga shi duk cikinsu babu wanda zai sake kai ni ƙofarki! Tun da na ji labarin, abinci ya koma mini auduga. Jiya na tasa farantin agada da soyayyen cuku a gaba har ya huce. Ni fa! Ni da ke lashe faranti kina dukan hannuna da cokali.

Ki tuna da yatsun nan da ke riƙe da biron. Ranar da na je a ɗauki zanen yatsuna don lasisin tuƙin haya, na'ura ta ƙi ni sau uku. Matar ofishin ta juya tafina ta ce, "Bawan Allah, ina ka kai naka zanen?" Ina kuwa na kai shi? Shekara goma sha ɗaya ina feraye abarba da rogo a teburina na bakin tashar jirgin ƙasa, tsami da sanyi sun cinye shi, yatsuna sun yi sumul kamar dutsen rafi. Na dawo miki kamar zakaran da ruwa ya yi wa duka, na ce shi ke nan, wanda ba shi da zanen yatsa ai gwamnati ba ta san da zamansa ba. Kika tuntsire da dariya kika ce, "Zauna nan, ɓarawon da ya fi kowa sa'a." Sati uku kika hana ni taɓa wuƙa. Duk Lahadi bayan coci sai mu zauna a benci a bakin kogin Harlem, ki ɗora hannuna a cinyarki, ki bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da man shagonku, kina jefo mini tambayoyin jarrabawa. Wace gada ce ke kai mutum unguwar Queens? Yaya ake ɗaure keken guragu kada ya motsa? In na faɗi, ki murɗe mini ɗan yatsa. Na sha faɗuwa da gangan, yau nake gaya miki. Ganye na zubo mana ja da rawaya, ɗaya ya maƙale a gashinki, na ƙi cirewa don ya yi miki kyau. Ke kika dawo mini da hannuna, abar ƙaunata. Duk layin da na'urar nan ta karanta a karo na huɗu, ke kika zana shi.

Na zauna aji kwana uku tare da 'yan Bangaladesh da 'yan Senegal, na ba da fitsari a ɗan kofi, likita ya leƙa idona, na ci jarrabawa. Lasisi ya fito, na karɓi mota. Ta haya ce, na sani, amma Fada Anselmo ba ya tambayar takardu kafin ya yayyafa ruwa. Muka yi alkawari: Lahadi bayan coci a sa mata albarka, ke ce mace ta farko da za ta zauna a kujerar gaba, sannan in kunna manhaja in fara ɗaukar fasinja. Haka ake yi a gidanmu, haka ake yi a naku. Kujerar gaba ta matar mutum ce. Ko mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, baya take shiga a motar wana, ta bar wa matarsa gaba.

Sai Alhamis ta zo. Zumuɗi, Yuderka, zumuɗi ne ya kashe ni! Mota na ƙamshin sabon wanki, waya na maƙale a gabana tana kallona. Na ce bari in kunna in ji yadda take kuka kawai. Kafin in ɗauke yatsa ta yi ƙara. Sabon direba kuwa, in ya ƙi kiran farko, gani yake ya kori sa'arsa da kansa. Na je. Mata huɗu ne masu shirin biki. Uku suka cika baya, ta huɗun ta buɗe gaba ta zauna daram. Me zan ce mata? Ta hau rufi? Aikin nan ba ka zaɓen mai shiga, ba ka zaɓen inda za ka, kuma kowane fasinja yana riƙe da taurari biyar, ya ba ka ko ya hana ka. Tsofaffin direbobi sun cika mini kunne cewa taurarin makon farko su ne ke bin mutum.

Nan ɗan kasuwan da ke kwance a cikina ya farka. Na yabi takalmin wannan, na yabi jakar waccan, baya ta ɗauki dariya. Ta gaban kuwa ta haɗe rai kamar an ci ta tara, ƙiri-ƙiri na karanta tauraro uku a goshinta. Na laluba bakina in samo abu mafi tsada a ciki, sai ga shi ya fito: "Haba, mangwaron Bani, ɗan yi mana murmushi mana." Ta yi. Har da bugun kafaɗata. Ina ta zuba ina bin muryar waya, dama, hagu, dama, ban ankara ba sai da na taka birki a ƙarƙashin rumfa mai ruwan hoda. Shagonku! Cikin shagunan gyaran gashin da suka fi tattabarun garin nan yawa, naku! Ga ki bayan gilashi da abin busar da gashi a hannu, ga mata shida sun juyo da kawuna a nannaɗe kamar alƙalai.

Sauran kin fi ni sani. Doña Casilda ta ce a kujerarki aka zaunar da ta gaban nan, awa biyu kina taje mata gashi tana ba shago labarin direba mai daɗin baki da sunan da ya raɗa mata. Ta ce ba ki ƙona mata kunne ba, ba ki fizge ko sili ɗaya ba, kin gama kin ɗaga mata madubi ta ga ƙeyarta. Wannan natsuwar taki ta fi tsorata ni a kan a ce kin fasa mini gilashin mota.

Ba zan yi ciniki da ke a nan ba. Ni da na taɓa sayar wa ɗan sandan da ya zo korata buhun lemo, yau ba ni da bakin kare kaina. Kujerar, ina iya cewa aiki ne. Sunan kuwa ba aiki ba ne. Abin da nake raɗa miki a kunne, ke kaɗai, shi na ɗora a tebur na sayar wa baƙuwa don ƙarin tauraro biyu. Ta ba ni biyar ɗin cif. Ina kallonsu a waya kamar ƙaya biyar a tafin ƙafa. Kaico! Wane irin sakarai ne ke sayar da wata don ya sayi kyandir?

Tun Juma'a nake tuƙi baki a ɗinke. Barka da rana, sauka lafiya, iyakarta ke nan. Wani tsoho ya tambaye ni ko an yi mini rasuwa, na ce an kusa. Kujerar na wanke ta sau uku, na tura ta gaba har ta manne, in mutane sun kai huɗu in ba su haƙuri su kira wata motar. Lahadi ta zo ta wuce ban je wurin Fada ba. Wace albarka zan je nema ni kaɗai?

Yanzu girgiza ambulan ɗin. Abin da ya faɗo miki lasisina ne, katin kansa, mai hoton da na yi kama da wanda aka kama da akuyar mutane. In ba ya cikin mota, ba ni da ikon ɗaukar kowa, kuma na rantse da kabarin mahaifiyata ba zan nemi wani ba. Daga yau motar nan ta tsaya. Za ki ce wannan ma dabarar ɗan kasuwa ce. Ƙwarai, dabara ce, ita ce ta ƙarshe da ta rage mini, kuma duk abin da na mallaka yana cikinta. Na san ki, sarauniyata: ko ɗan kunne aka manta a shago, hankalinki ba ya kwanciya sai kin kai wa mai shi har gida. To ga kayan wani a hannunki. Kada ki ba Sobeida, kada ki ba Doña Casilda, kada ki jefa a akwatin gidan waya. Kawo shi da ƙafarki. Jefe ni da shi a fuska, kira ni duk sunan da kika ga dama a gaban maƙwabta, ina zaune a matakalar gidanmu ta titin Walton daga safe har yamma, kullum, har Asabar. Minti biyar nake roƙo, kuma a cikinsu ke za ki yi magana, ni in saurara.

In kuwa motar Allentown ta tashi da ke da katin a jakarki, to ki riƙe shi da kyau. Ban ga wanda zan tuƙa ba bayanki.

Naki, kin zo ko ba ki zo ba, har ranar da za a rufe bakin nan da ƙasa, kuma sunanki ne zai zama na ƙarshe a cikinsa,

Radames