Ƙarar Keken Ɗinkin Inna

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya su Yaya da yara? Ni lafiya lau, kada ki tada hankalinki. Tsani ne ya zame da ni ina fenti, kafaɗa ta goce, an gyara. Sai dai tun ranar jinina ke hawa. Da na kwanta sai in ji bugun zuciyata har cikin kunne, in tuna yadda Baba ya dafe ƙirji a bakin ƙofa.

Nas ɗin asibitin kan ce min, "Kafin in gwada, rufe ido ka tuna wuri mai daɗi." Sai in ga ɗakinki, hasken hantsi ta labule, zare a leɓenki, ƙafarki na taka keken ɗinki a hankali. Jiya har ƙamshin sabon yadi na ji. Da na buɗe ido tana murmushi, wai jinin ya ɗan sauka.

Allah ya ƙara miki lafiya. Don Allah a ɗaukar min ƙarar keken a waya, amma kada a sa masa mai tukuna. Da wannan kukan nasa zuciyata ta saba.

Ɗanki