Waƙar da Na Bar Gurbin Suna a Cikinta

Zuwa ga ƙanwata Hadiza a Kano,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya? Yaya maigidan da yara, yaya ƙafar nan taki? Mu nan Matameye lafiya lau, sai kewa. Tun da maza suka tafi cin rani gidan ya yi tsit.

Watan Gani ya kama, watan da na haifi yaron nan da ke wajenki. Shekaranjiya ina niƙan gero a dutse, sai waƙa ta zo mini, tasa ce. Na sa ruwan da aka tafka ranar haihuwarsa, na sa yadda yake satar ƙanzo a tukunya, har keken ɗinkin da yake koyo na sa.

To amma ɗan fari ne, bakina ba ya iya faɗin sunansa. Duk inda sunan ya kamata ya faɗo sai in yi shiru, dutsen ya ci gaba shi kaɗai. Maƙwabciyata Iya Ladi ta leƙo ta danga ta ce, "Wace irin waƙa ce wannan mai giɓi?" Na ce, "Mai amshin tana Kano."

Malam mai rubuta mini wasiƙa ya rubuta miki waƙar a bayan takardar nan, na ce ya bar gurbin. Ki gai da maigidan da su Inna, ku sa mu a addu'a. Don Allah ki rera wa yaron, in kin zo gurbin ki kira sunan da ƙarfi, a madadina.

Yayarki,
Rabi