Sammacin da Mae Ta Sa a Firam

Ban Non Sawang, ranar ƙarshe ta Songkran, bikin sabuwar shekara

Pi Samrit, yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na masana'anta, kuma sanyin Taiwan ya sake ka. Yaya ciwon bayan nan? Kana shafa man da na aiko, ko ka ajiye shi kuna kallon juna? Mu nan lafiya lau. Uwarmu Mae tana cin abinci sosai, sai dai idon nan da ciwon suga ke ta cinyewa.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa. Bangon gidanmu katako ne, kuma ka san uwarka: idonta ne ya raunana, kunnenta garau yake. Wannan magana ba ta waya ba ce.

Da na sauka daga motar Bangkok na tarar da rabin gari a tsakar gidanmu. An dafa shinkafar danƙo kwando-kwando, an gasa kaji, tsofaffi sun yi layi suna ɗaura min farin zaren sa albarka a wuyan hannu. Na ɗauka murnar biki ce. Sai Mae ta rufe min ido da tafinta, ta ja ni har gaban bangon hotuna, sannan ta sake ni. Tsakanin hoton marigayi mahaifinmu Pho da naka na ranar da ka yi askin shiga haikali, ga sabon firam ruwan zinare. A ciki takarda ce mai tambarin tsuntsun gwamnati a samanta, da sunana ɓaro-ɓaro.

Pi Samrit, sammaci ne. Bankin da ya ba ni katin bashi ne ya kai ni kotun lardi. Sau uku na karanta, don na farko na zaci idona ne. Bashin nan ne da ka sani, na jinyar Pho da jana'izarsa, wanda na kasa ci gaba da biya bayan otal ɗin da nake aiki ya sallame mu. Da kuɗin ruwa ya haura baht dubu ɗari da tamanin. Ranar da aka ce in bayyana kuwa ta wuce tun kafin a girbe shinkafa.

Ni a haukata ina jiran banki ya neme ni a Bangkok. Na manta sunana har yau yana rajistar gidan nan. Ma'aikacin kotu ya zo Mae tana gona, ya manna takardar a ƙofa ya tafi. Ita kuwa, da idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, ta ga tsuntsu, ta gane sunana, ta tuna na zauna jarrabawar aikin gwamnati. Me ya rage? Ta hau mota har birni ta sa aka yi mata firam, ta kuma gargaɗi kowa kada wanda ya buga min waya, don tana so ta ga fuskata da kanta. Ka tuna wa ya ce kada mu faɗa mata na faɗi jarrabawar nan, hawan jininta zai tashi? Kai ne. Ni kuma na bi.

Ta ga fuskar tawa. Tana riƙe da hannuna tana dariya da hawaye, tana cewa tun kaka da kakanni tsuntsun gwamnati bai taɓa sauka gidanmu da sunan mace ba. Na waiga in ga ko wani zai cece ni, sai na ga kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Na haɗa hannu na durƙusa na gode mata.

Abin da ya hana ni cin abinci shi ne gidan nan da gonar bayan rafi. Bara Mae ta mayar da takardarsu sunana, tunda ni ce auta, ni zan riƙe ta. Gobe zan shiga birnin Roi Et in ji me kotu ta yanke. Kada ka kira ta tukuna.

Ƙanwarka,
Lamduan

*

Roi Et, bayan biki

Pi Samrit,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fata wasiƙata ta farko ta same ka a zaune. Wannan ma ka nemi wuri ka zauna.

An yanke hukunci a bayan idona. Wanda bai zo ba ai ya amsa, haka suke ɗauka. Banki ya riga ya binciko takardar gona da gida, yana neman a sa musu hannu a yi gwanjo. Ma'aikaciyar kotun da ke duba na'ura ta ce ai an aiko takarda ta biyu ana gab da biki, mai cewa in biya ko a ƙwace. Na ce babu wata takarda ta biyu. Ta juyo min da allon, ga hoton ƙofar gidanmu da takardar a manne, har da karenka kwance a gefe.

Na koma garinmu ina cigiyar takardar. Ka san inda na same ta? A aljihun teburin mai gari Thongbai. Shi da kansa ya ɓalle ta kafin Mae ta dawo daga haikali. Na tambaye shi dalili, ya tsiyaya min shayi, ya tambayi hanya, ya yi zancen zafin bana. Da na ƙi shan shayin sai ya ce, “'Yata, matar da ta yanka kaji ta ciyar da ni a ƙarƙashin firam ɗin nan, da wane bakin zan ce mata sammaci ne? Na ɗauka ke kin sani, kina can kina gyarawa.”

Wato ya karanta tun ranar farko. Ba shi kaɗai ba. Malamar makarantar da ta koya mana karatu ta karanta. Mai shagon firam ya karanta, ya goge gilashi, ya karɓi kuɗinsa. Ranar sadakar cika shekarar Pho babban sufin haikali ya tsaya gaban bangon, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa, sannan ya yayyafa wa firam ɗin ruwan albarka. Watanni gari guda yana shiga gidanmu yana taya Mae murna, kowa na jiran wani ya buɗe baki. Na fita daga gidan mai gari ina zaginsu ɗaya bayan ɗaya a raina, sai da na kai ƙofar gida na tuna ni ma durƙusawa na yi na ce na gode.

Na sami wata lauya a ofishin taimakon marasa hali, yarinya ce ƙarama mai magana kamar ana korarta. Ta ce ƙofa ɗaya ta rage: mu roƙi kotu ta sake buɗe shari'ar, mu nuna ba da gangan na ƙi zuwa ba. Idan an buɗe, za a zauna sulhu, a rage kuɗin ruwa, in riƙa biya wata-wata, gona ta tsira. Na ce to a rubuta. Ta ce rubutu ba wuya, amma maganata ni kaɗai ba za ta yi ba, domin duk wanda ake bi bashi haka yake cewa bai gani ba. Sai wanda takardar ta shiga hannunsa ya zo ya faɗa da bakinsa abin da ya yi da ita. Da na ba ta labarin firam, ta ajiye biro ta dube ni, ta ce in kawo Mae, in kawo firam ɗin yadda yake, kada a cire ko ƙusa ɗaya.

Ka gani? Rana zafi, inuwa ƙuna. In na yi shiru, wata rana baƙi za su zo da tef suna auna gonar da Pho ya sare da hannunsa. In na yi magana, sai uwarmu ta tsaya gaban alƙali ta ce ta yi biki a kan sammacin 'yarta. Jiya na same ta tana goge gilashin da gefen zanenta, tana tambayata wane launi ne kayan aikin da za a ba ni.

Kuɗin da ka ce za ka turo ka riƙe su, ba su kai ko kwata ba, kuma ba su ne damuwata yau ba. Lokacin da aka ba mu kaɗan ne. Zan faɗa mata.

Taka,
Lamduan

*

Ban Non Sawang, farkon damina

Pi Samrit, yayana,

Ina gaishe ka, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. An yi ruwan farko, ƙasa ta yi laushi, kwaɗi sun hana kowa sakat. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, ga yadda aka yi.

Na faɗa mata da safe tana turara shinkafa. Na zaci za ta yi kuka, ko ta faɗi, har na ajiye maganinta a kusa. Ba ta tambayi nawa ne bashin ba, ba ta tambayi jarrabawa ba. Ta dubi tururi, sannan ta ce, “Wa da wa ya iya karanta ta?” Na ce duk wanda ya shigo. Ta ce har mai gari? Na ce har shi. Har babban sufi? Na gyaɗa kai. Ta sauke tukunya ta hau sama.

Daga ranar ba ta ƙara fita ba. Ba haikali, ba kasuwa, ko sadakar safe ta sufaye ni nake miƙawa. Maƙwabta suka riƙa aiko da kwaɗon gwanda da kifi, tana cewa a mayar. Matar da ka sani da surutu ta koma kamar baƙuwa a gidanta, kuma tsoro ya kama ni fiye da ranar da na ga sammacin. Har na ce wa lauya a bar zancen shaida, ta ce ba wata hanya sai ita.

Ranar zaman kotu na yi shatar mota ta tsaya bayan gida, don mu sulale ba wanda ya gani. Na hau in taso ta, na tarar ta ɗaura zanen alharinin da ta sa ranar bikinka, ta sauke firam da kanta. Ta ce motar ta je ta jira a bakin kasuwa. Pi Samrit, da ƙafa ta ratsa tsakiyar gari, rana tsaka, firam rungume a ƙirji, rubutun yana kallon jama'a. Ina binta a baya ina so ƙasa ta tsage in shige. A ƙofar mai gari ta tsaya ta ɗaga murya: “Thongbai, fito. Tunda ka iya karatu, zo ka karanta wa alƙali.” Ya fito da takarda ta biyu a hannu, ko rigarsa bai gama ɓallawa ba.

A kotu ba ta yi inda-inda ba. Ta faɗi yadda ta ga tsuntsu, da nawa ta biya mai firam, da kaji nawa ta yanka. Lauyan banki ya tambaye ta ko babu wanda ya taɓa gaya mata me ke ciki. Ta ce, “Ɗana, duk suna sona ne.” Ba wanda ya yi dariya. Mai gari ya ba da tasa shaidar kansa a sunkuye, sai da alƙali ya ce ya ɗaga murya.

An sake buɗe shari'ar. A ɗakin sulhu banki ya yafe mafi yawan kuɗin ruwan, zan riƙa biyan dubu uku duk wata. Muddin ban tsallake ba, ba mai taɓa gona ko gida. Na sami aiki a wani ɗakin cin abinci a Roi Et, don haka Bangkok ta yi ta kanta. Kotu ta riƙe sammacin a matsayin hujja, aka miƙo wa Mae firam ɗinta wayam.

Na ɗauka za ta jefar da shi a hanya. Da muka iso gida ta zauna a baranda, inda duk mai wucewa zai ji, ta miƙo min takardar sulhun. Ita ma akwai tsuntsu a samanta. Ta ce in karanta mata da ƙarfi, tun daga sama, har lambobin, har inda aka ce za a ƙwace in na kasa. Na karanta, maƙwabta suna jin kowace kalma ta bayan shinge. Da na gama ta sa takardar a firam ta mayar kan ƙusarta, tsakanin Pho da kai. Ta ce wannan dai ta san abin da ke ciki.

Gona ta tsira, amma Mae ba ta koma yadda take ba. Ko takardar magani aka kawo sai mutum biyu sun karanta mata, kowa daban, kuma ni ba na cikin waɗanda take yarda da su kai tsaye. Jiya ta ɗauko wasiƙarka ta ƙarshe ta kai wa jikar maƙwabta ta sake karanta mata, ta gano na tsallake layin da ka yi zancen bayanka. Ba ta yi min faɗa ba, ta dai ce in rubuto maka wannan, kuma za ta sa a duba ko na rubuta: hoton nan da ka aiko sanye da farar hular shugaban ma'aikata, taka ce ko aro ka yi? Ta ce ka amsa da manyan baƙaƙe.

Ka gaida abokan aikinka. Ka faɗa mata gaskiya, Pi, za ta iya ɗauka.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Lamduan