Ƙarfen da ke Jikin Auta

Litinin, 3 ga Maris
Sakamakon gwajin 'yata Auta ya fito. Likita ta ce jinin da ake ta ƙara mata saboda sikila ya tara mata sinadarin ƙarfe, jiki kuma ba ya iya fitar da shi da kansa. In aka bari zai taɓa hanta da zuciya. Ta rubuta ƙwayar da ke damƙe ƙarfen ta fita da shi ta fitsari. "In kin ga ya yi ja kada ki tsorata, maganin ne ke aiki."

Alhamis, 6 ga Maris
Ya yi ja. Na tsorata duk da haka.

Asabar, 15 ga Maris
Ina gyaran gadon Inna na tsinci kwalbar maganin ƙarin jini a bayan matashi, saura rabi. Na duba jikinta: ƙarfe ne zalla. Ashe kullum in na tafi aiki sai ta ɗura wa jikarta cokali guda. Ni ina kwashewa, uwata tana zubawa.
Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta ce, "Yarinya ta yi fari fat, ana tsiyaye mata jini a bayan gida, ke kina kallo?"


Lahadi, 16 ga Maris
Gaisuwa kawai tsakanina da Inna. Kwalbar tana jakata.

Laraba, 19 ga Maris
Na kai Auta asibiti, na tafi da Inna don ta ji da kunnenta. Likita ta gwada fitsarin, ta ce babu jini ko ɗigo, ƙarfe ne ke fita. Inna ta tambaya ko abin da ta ba yarinyar zai kashe ta. Likita ta ce a'a, an gano da wuri, amma a daina. A mota Inna tana riƙe da ƙafar Auta har gida.

Talata, 8 ga Afrilu
Yanzu Inna ce mai gadin fo. Da safe sai na jiyo ta daga banɗaki: "Ke, zo ki gani, yau ma ya fita!" Auta kunya kamar ta nutse.
Har yau ban ce na yafe ba, ita ma ba ta nema ba. Na dai bar mata ƙwayar rana a ɗakinta, ta riƙa ba ta. Don ba na gida ne lokacin.