Mangwaron da kika dasa a gonar aro

Zuwa ga Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka bari a baya, da fatan Allah ya yalwata miki makwanci. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike. A shafina na intanet zan sa ta, waɗanda suka saba da ƙorafina su karanta in sun so, amma da ke nake.

Maganar gona ce, kuma ke ya kamata ki fara ji.

Kin san aikin da ya cinye ƙuruciyata: binciken yadda ƙasa irin tamu za ta rage hayaƙin da ke ɗumama duniya ba tare da ta dawwama cikin talauci ba. Na je Figil wajen masu siminti, na bi manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Ngawundere inda jirgin ƙasa ya tuƙe, na shiga madafan Garwa ina auna itace da gawayi. Kikan ce ni kaɗai ne namijin da ke leƙa murhun matan mutane kuma a kira shi mai ilimi. Mun rubuta rahotanni, mun zana layukan raguwar hayaƙi masu gangarawa zuwa shekarun da ba za mu gani ba. Kowane layi itatuwa ke tallafe da shi: a dasa su a gonaki, su shanye hayaƙin.

Na rubuta wa shugabannin aikin shafi guda cewa a nan wanda ya ari gona ba ya dasa itace. Dawa da gyaɗa ana girbewa a tashi. Itace kuwa shaida ce, wanda ya dasa kamar ya ce ƙasar tasa ce. Aka cire shafin a Yawunde, babban birnin ƙasa, wai ba ya shiga lissafi.

Mu ma gonar aro muke nomawa a hayin kogin Binuwai. Fatauci ya kawo kakana daga Kano, a Garwa aka haifi mahaifina, a nan aka haife ni, amma ƙasar noma ba ta taɓa zama tamu ba. Da furoje, wato shirin hukuma na dashen itatuwa, ya raba dashen mangwaro kika karɓo, kika ce ba za a ce mijinki na wa'azin itace alhali bai da ko ɗaya ba. Na hana ki. Kika ƙulle goro a gefen mayafi, kika tafi da kanki wurin tsohon Jauro, mai garin da ya ara mana gonar. Ya yi dariya, ya ce dasa abinki, muddin ina numfashi babu mai tambayarki.

Ina ganin ki da rani, jarka a kai, daga kogi zuwa gona. Kin kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki. In suka yi yaushi ki tsaya kina yi musu faɗa.

Kin sha 'ya'yan fari kafin ciwon ya kwantar da ke. Jauro bai daɗe ba ya bi bayanki, ɗansa Hammadu ya gaje shi. Mutum ne mai ladabi. Bai taɓa ta da maganar itatuwan ba, ni ma ban taɓa ba. Shirun nan ne ya riƙe mana gonar.

Watan jiya aka kira ni taro a otel. Ba don bincikena ba, wannan an manta da shi. Tafinta suke so, mai juya Faransanci zuwa Fillanci da Hausa ga masu gari. Na je saboda na gaji da kallon bangon ɗaki. Wata matashiya daga Yawunde, mai ilimi da kyakkyawar niyya, ta haska hoton da aka ɗauko daga sama. Ko'ina ja, sai ɗigon kore a hayin kogi. Ta ce ga gonar Malam Garba da ke tsaye gabanku, shi ya dasa waɗannan, kowa ya yi koyi da shi. Aka yi tafi.

Na gyara maganar wajen fassara iya ƙoƙarina. Na ce gonar da Jauro ya ara wa Malam Garba. Amma Hammadu na zaune a layin gaba, kuma yana jin Faransanci, ba ya buƙatar tafinta. Sauran masu gari suka waiwaya suna dubansa.

Ranar Juma'a bayan masallaci Hammadu ya zo gida. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya kira ni Baffa. Ya ce 'yan'uwansa sun taso shi a gaba: an faɗa a gaban hukuma, an sa a hoto, wata rana 'ya'yana za su zo da hoton su ce gado ne. Na ce Sani na Duwala, Ummi na Kano, ko hanyar gonar sun manta. Ya ce ya yarda da ni, amma hoto ya fi mutum tsawon rai. Ko in sare itatuwan in ci gaba da noma har ƙarshen raina, ko in bar gonar da abin da ke cikinta.

Ban ga laifinsa ba, Asabe. Laifin na waɗanda suka san nauyin hayaƙin da itace ke sha, ba su san abin da itace ke faɗa ba.

Kin san daga gonar nan tuwon gidan nan yake fitowa. Na kira yaran. Sani ya ce in sare mana, ai itace ne. Ummi ta yi kuka, ta ce in dawo wurinta. Babu wanda ya ce zai zo. Na nemi wanda zan yi shawara da shi, na ga duk waɗanda suka san ki a gonar nan sun riga ni gidan gaskiya.

Na ɗauki gatari na haye kogi. Na tsaya ƙarƙashin babban, wanda kikan ce ya ɗauko taurin kaina. Sun yi fure, ƙudan zuma na ta kai da komo. Na daɗe a tsaye. Daga nan na biya gidan Hammadu da gatarin a kafaɗa, na ce masa gonarsa ce, har da itatuwan. Ban gindaya sharaɗi ba, mai aro ba shi da sharaɗi. In ya ga dama baɗi su zama gawayi. Kansa na ƙasa ya ce useko, godiyarsu ta Fillanci.

Abu ɗaya na tambaye shi, ko tsoho zai iya zama a ƙarƙashinsu in ya biyo ta wurin. Ya ce ba a hana mai wucewa inuwa.

To haka nake zuwa yanzu, mai wucewa. Ban san inda dawar baɗi za ta fito ba. Ki yi haƙuri, Asabena, gonar ta tafi. Amma hannuna bai taɓa su ba.

Allah ya jiƙan ki. Duk tsuntsun da ya ci, duk wanda ya huta a inuwar, Allah ya rubuta miki. Ya jiƙan Jauro, ya sa wa ɗansa tausayin itatuwan nan. Ya haɗa mu inda ba a aron ƙasa.

Mijinki,
Garba