Tsohon Kwalekwalen Kaka Ya Zo Na Ɗaya

Baba,

Ina gaishe ku da kyau. Yaya ƙafar Inna, yaya su Hasnia? Ni lafiya lau nake a nan Sabah inda nake aikin gona, sai ƙayar kwakwar manja da ta huda min hannu. Ya kusa warkewa, kada a gaya wa Inna.

Jiya aka nuna min tseren kwalekwale na can gida Majene a waya. Na ga tsohon kwalekwalen Kaka iska ta cika filafilansa, ya bar sababbin jirage a baya. Na kurma ihu har shugaban gonarmu ya rugo yana cewa, "Kai Sapri, maciji ne?" Na ce, "A'a, maigida, mu ne na ɗaya!"

Baba, kun ce bayan tseren za ku sayar da shi. Don Allah ku dakata. Baɗi in Allah ya yarda zan dawo, ni zan riƙe muku igiyar filafilansa a tseren.

Allah ya ƙara girma.

Ɗanku,
Sapri