Gwangwanin Maganin Baba

Ƙofar Sauri, Katsina
6 ga Yuni, 1999

Zuwa ga maigidana, Baban Ramla,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau. Ramla tana gaishe ka, ta ce kada ka manta da takalminta.

Maganar Baba ce ta sa na rubuto. Ka san Likita Muttaka, shekara goma sha biyar ke nan yana duba mahaifinka, duk wata ya yi masa allurar ƙarfin jiki, Baba ya dawo gida yana sa masa albarka. To, yanzu likitan ya tsiro da sabon abu. Duk Alhamis sai ya rufe asibitinsa da azahar, wai ya tafi bita, wai likitocin unguwa ake ƙara wa ilimi a kan hawan jini da ciwon suga da zazzaɓi. Ni malamar firamare ce, na san bita: a sha lemo, a sa hannu, a watse. Kuma mutum da furfura har a gemu, me aka rage masa da sai yanzu zai koya?

Tun da ya fara zuwa ya hana Baba allura. Ya ce ba ta yi masa komai, jininsa ne ya hau, ya ba shi wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kullum da safe, wai har ƙarshen rayuwa. Wane irin magani ne ba a warkewa? Hajo maƙwabciyarmu ta ce tunda soja suka koma bariki kowa kujera yake nema, can wajen 'yan siyasa yake zuwa. Wasu kuma sun ce masu kamfanin magani ne ke tara su. Ban ce eh ba, ban ce a'a ba, amma idona na kansa.

Ka gaida abokan aiki. Taka har kullum,
Saudatu

27 ga Yuni, 1999

Baban Ramla,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarka ta iso ta hannun Babaji direba, na ji daɗin jin lafiyarka. Ka ce in bi abin da likita ya ce, in rage zargi. Kai kana can, ba ka ga abin da nake gani ba.

Ƙwayar nan fitsari take sa Baba. Mutumin da ya shekara arba'in yana riƙe alwalar Azahar har La'asar, yanzu kafin a tada iƙama sai ya fito daga sahu yana lalube. Ranar Juma'a ya dawo rigarsa da laima, ya shige ɗaki bai ci abinci ba. Wallahi na yi kuka. Ka san idanunsa sun yi rauni, ni ce ke sa masa maganin a tafin hannu. Na dai yi abin da nake ganin ya dace, yanzu ya samu sauƙi, ya koma sahun gaba. Bayanin sai ka zo.

Likitan kuwa har yanzu bai gamsu ba. Mun je awo, ya ɗaura wa Baba abin nan a dantse, ya ɓata fuska, ya tambaye shi ko yana shan magani. Baba ya rantse bai taɓa fashi ba. Sai ya ƙara masa wata ƙwayar, suka zama biyu. Ka ji ko? Mutum na tafiya da ƙafarsa, kansa ba ya ciwo, amma ana ta ƙara masa. Alhamis mai zuwa zan bi shi in ga wannan bita da idona.

Allah ya tsare mana kai.
Saudatu

5 ga Yuli, 1999

Baban Ramla,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Ka zauna kafin ka karanta, kuma ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

Na bi shi. Na hau acaɓa na sauka a wani babban asibiti, na tsaya jikin tagar ɗakin taro kamar mai jiran mara lafiya. Ban ga ɗan siyasa ba, ban ga lemo ba. Likitoci ne wajen ashirin a kan benci, kowa da littafi. Sai ga Likita Muttaka ya miƙe gaban allo. Bai ambaci suna ba, amma ya ce dattijo ne mai shekara saba'in da huɗu, idanunsa sun yi rauni, an ba shi magani biyu jinin ya ƙi sauka. Ya ce ya shekara da shekaru yana yi masa allurar da ba ta da amfani, yana tsoron ko jinkirinsa ne ya cuce shi, a taimaka masa. A gaban sa'o'in 'ya'yan cikinsa ya faɗi haka.

Wata likita, yarinya ce ba ta kai ni ba, ta tambaye shi wa ke ba dattijon maganin, kuma ya taɓa cewa a kawo masa ragowar ya gani? Ya ce surukar dattijon ce, malamar makaranta, mace mai hankali, ba ya zarginta.

Baban Ramla, tun ranar da Baba ya dawo da rigar nan ban sake ba shi maganin ba. Ƙwayar bitamin nake sa masa a hannu, ita ma fara ce. Na likitan suna cikin gwangwanin madara a bayan kwanukana.

Na juyo gida. Kunya ta hana ni tarar likitan a ranar, na ce sai Asabar. Ranar Juma'a da safe buta ta suɓuce wa Baba, ya sa hannun hagu zai ɗauka, hannun ya ƙi.

Mun kai shi da gaggawa, na tafi da gwangwanin, na zazzage a kan teburin likita. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya dai dubi ƙwayoyin, ya ce akwai wani maganin da ba ya sa fitsari, a bitar ma an yi musu bayaninsa, da na faɗa masa matsalar alwala da tuni ya canza. Ya ce shi ma da laifinsa, bai taɓa tambayar Baba yadda maganin ke yi masa ba.

Baba yana magana, yana cin abinci, an sallamo mu jiya. Likita ya ce hannun yana iya dawowa, yana iya ƙi. Alwalar da na so in tsare masa, yanzu ƙaninka Haruna ke zuba masa ruwan.

Ban faɗa wa Baba ba tukuna. Ka zo, don Allah, ina so in faɗa a gabanka, duk hukuncin da kuka yanke na karɓa. Yau da safe na kai masa sabon maganin, na ce ko Haruna zai riƙa ba shi daga yanzu. Ya ce a'a, shi daga hannuna kaɗai yake yarda ya sha. Ya miƙo hannun dama, ya haɗiye, ya sa mini albarka.

Ka yafe mini.
Matarka,
Saudatu